Faifan garmahon da na tara: in sayar ko in riƙe?

Mai Burushi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, amma ku yi haƙuri sai na ɗan yi shimfiɗa, don wanda bai san yadda wunina yake ba zai ga maganar ba ta kai a tara jama'a ba.

Sana'ata zane. A Zariya na karance shi, yanzu ina da ɗan shago a Kano. Abin da ke ciyar da gidana shi ne rubutun allon shaguna, da zanen bangon makarantun yara, da hoton mutum da fensir ko gawayi idan za a yi biki ko wani ya yi ritaya, sai jefi-jefi bangon littafi. Tun da injinan buga fileks suka cika gari aikin allo ya ja baya. Wanda a da zai ɗauke ni in kwana biyu a kan tsani, yanzu cikin awa biyu an buga masa an liƙa. Zanen da raina yake so, na fentin mai a kan kanbas, sai bayan isha'i nake samun zama a kansa.

A kusurwar shagon akwai kanta da na sa kafinta ya buga mini, cike da faifan garmaho, sun haura 400. Guda 23 na mahaifina ne, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin reluwe ne. Sauran ɗaya bayan ɗaya na tsinto su cikin shekara 15: wajen 'yan gwangwan, wajen dillalai, gidajen da aka raba gado aka rasa mai so, Sabon Gari, Kasuwar Barci a Kaduna, har Jos.

Kullum in na buɗe shago na yi shara, sai in wanke hannu da sabulu sau biyu, saboda kananzir ɗin wanke burushi ba ya barin yatsa. In zaro faifai, in riƙe shi ta baki da tsakiya, in goge ƙura, in sauke allura. Fuska ɗaya ta babban faifai minti ashirin ce ko da ɗan ɗoriya. Wannan shi ne agogona. In ta ƙare dole in ajiye burushi in tashi in juya shi, kuma a wannan tashin ne nake hango zanen daga nesa, in ga inda hanci ya karkace ko inuwa ta yi yawa. Na gwada aiki da waƙar waya. Ba ta ƙarewa, ni ma ba na tashi, sai in yi ta cuɗa wuri ɗaya har in ɓata shi.

To makon jiya wani dillali ya zo da hotunan kwalaye a wayarsa, yana saye wa wani a Turai. Ya ware kusan 60, duk bugun Najeriya na shekarun 1970: na kamfanonin EMI, Decca, Afrodisia, Tabansi, da ƙananan na Hausa, tara daga ciki na Baba. Kuɗin da ya taya ya kai hayar shagona ta shekara biyu. Hayar tana kaina, maiɗakina kuma ta kusa sauka. Ya ba ni zuwa Juma'a. Kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Maman 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya sauke ta lafiya. Tambaya ɗaya kawai: ita ka gaya mata? Don mu nan baki za mu sa mu watse, ita ce za ta kwana da lissafin asibiti da ragon suna. Ni a ganina ka sayar. Rai ya fi faifai.

Ɗan Kwari:
Hajiya ta gama magana. Mu a kasuwa kayan da ya shekara bai motsa ba asara muke kiransa. Kai naka ya shekara 15, ga shi Allah ya kawo mai saye har gida. Kuma ka yi mini afuwa, mai haya a kansa yana tara abin da ba a ci ba a sha, anya babu almubazzaranci a ciki?

Mai Burushi:
Alhaji, ban ji haushi ba, ni ma na tambayi kaina. Amma yawancinsu kuɗin da na ba da bai kai na kwanon shinkafa ba. Wani buhu ma a kan sikeli aka auna mini shi kamar tsohon ƙarfe. Hajiya, ban gaya mata ba tukuna. Kin yi gaskiya, kuma na ji nauyin maganar.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo:
Ɗana, bari in sa baki, don wannan abu ya taɓa ni a inda ke ciwo.

Na yi shekaru a ɗakin ajiyar faya-fayai na wani gidan rediyo, ba zan kama suna ba. Kowane faifai da katinsa, da lambarsa, da ranar da ya shigo. Akwai tsofaffin nan masu nauyi, masu juyi 78 a minti, waɗanda in suka suɓuce suka faɗi sai dai a share su kamar tangaran. Wasu da tambarin karen nan da ke leƙa bakin garmaho. Su ne ake wana wa inji da hannu, allurar ƙarfe ce, ka'ida ma kowane faifai da sabuwar allura. Sai manyan na roba masu juyi 33, waɗanda kamfanin Columbia ya fito da su a Amurka a 1948, da ƙananan masu juyi 45 da RCA ya biyo da su a 1949. A kan waɗannan aka buga manyan mawaƙanmu irin su Shata da Ɗanmaraya, da wasu da yawa da yau ko sunansu ba a tunawa: masu kukuma, masu garaya, zabiyoyi, makaɗan 'yan dambe da na manoma.

Kaset ne ya fara karya kasuwar. Ya fi araha, ana sa shi a mota, kuma kowa na iya kwafa a shago, sai kamfanoni suka daina cin riba. Daga 1986 da darajar naira ta faɗi, shigo da kayan buga faifai ya gagara. Turawan suka tattara: EMI ya koma Ivory, PolyGram ya koma Premier. Shi ke nan aka daina.

Mu kuma me muka yi? Wata rana aka ce ana son ɗakin a yi ofis. Aka kwashe kaya aka zuba a wani sito mai rufin kwano. Damina biyu ruwa na zuba, gara ta cinye kwalayen, zafi ya lanƙwasa sauran. Da idona na ga yara suna wurga su sama suna wasa. Na tsinci abin da na iya ɗauka a kan keke, ina hawaye, ba na jin kunyar faɗa.

Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya a 2015. Su an san su, an kwafe su. Amma ƙaramin makaɗin da ya shiga ɗakin ɗauka sau ɗaya a rayuwarsa, ta yiwu faifan da ke kantarka shi kaɗai ya rage. In ya tsallaka teku ya shiga ɗakin wani, jikokinsa ba za su ƙara jin muryar kakansu ba. Na Hausar nan kada ka sayar, ɗana. Ko nawa ne.

Ɗan Kwari:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma labarin nan naka ai hujjata ce. Wa ya zubar da su? Mu. Wa yake nema da kuɗinsa ya adana a ɗaki mai sanyi? Bature. A Kano watan Afrilu zafi yana haura digiri 40. Gobara ɗaya ko ambaliya ɗaya, shi ke nan, ba kuɗin ba faifan. Kun manta gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016? In adanawa ake so, a ba wanda zai iya.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo:
Alhaji, adanawar da mai abu ba zai ƙara gani ba, da ita da ɓata duk ɗaya ne a wajensa. Kuma ga wanda ya iya nan a gabanka, shekara 15 yana yi ba da albashin kowa ba.

Ɗan Jami'a:
Ni fa ban gane wahalar ba. Ai duk waɗannan waƙoƙin suna YouTube.

Mai Burushi:
Ƙanena, ba duka ba. Cikin taran nan na Baba, shida na nema da sunan makaɗi da sunan waƙa, ban samu ko ɗaya ba. Abin da ke intanet wani ne ya zauna ya ɗora shi daga faifai ko kaset. Wanda ba a ɗora ba babu shi.

Ɗalibar Zane:
Yaya, ni kwalayen ne suka ja hankalina. A aji an nuna mana aikin Lemi Ghariokwu, wanda ya zana wa Fela kwalin faifai har 26, na yi mamakin yadda mutum zai cusa gari guda a fili inci 12 da 12. Na Arewa ma ana zana su haka? Kuma kana ɗaukar wani abu daga cikinsu a aikinka?

Mai Burushi:
Ƙanwata, kin taɓo inda nake so. Namu yawanci hoto ne ba zane ba, amma akwai darasi a ciki. Ga ɗaya a gabana yanzu. Makaɗi a zaune a tsakiya da babbar riga, 'yan amshi a tsaye a baya, masu kalangu a durƙushe. Kala uku kacal aka buga: ja, ruwan ɗorawa, baƙi. Jan bai hau daidai ba, ya ɗan zame, sai ya bar siririn layi a gefen hular kowa kamar hasken yamma. Kuskuren inji ne, amma na shekara ina kwaikwayonsa da gangan a zanen mutane. Haruffan sunan kuma da hannu aka yanka su, ƙafar kowane harafi da kaurinta daban. Duk rubutun allon da nake yi daga irin waɗannan na koya, fiye da abin da na koya a aji. Malamanmu sun sha ba mu labarin ƙungiyar ɗaliban zane ta Zariya ta 1958, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, da suka ce a koyi dabarar Turawa amma a ɗebo daga gida. To ni gidan da nake ɗebowa ke nan, yana kan kanta.

A bayan wannan kwalin akwai rubutun Baba da biro, da ajami: sunansa, da "Kafanchan", da shekarar da ya saya. Akwai zagayen da kofin shayi ya bari a kusurwa. Dillalin ya ce wannan tabon ya rage masa daraja.

Maman 'Yan Biyu:
Subhanallah. To wannan kam ban ce a sayar ba. Na janye a kan na mahaifinka.

Ɗan Damagaram:
Sallama gare ku daga Damagaram. Ina so in raba abu biyu da ake haɗawa. Akwai mai saye ya kulle a ɗakinsa, akwai mai neman waƙa ya sake buga ta da izinin mai ita. Mu nan mun ga na biyun. Mamman Sani ya ɗauki kiɗansa na organ a gidan rediyon ƙasa a Yamai a 1978, kaset kaɗan aka yi. Mun tashi muna jin kiɗan tsakanin shirye-shirye, da yawanmu ba mu san mai shi ba. A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fito da shi a faifai, dattijon har Turai ya je ya yi wasa. A shekarar ma sun buga waƙoƙin finafinan Hausa na Kano a faifai. Akwai irinsu, Analog Africa a Jamus, Soundway a Ingila. Saboda haka Malam, tambayi dillalin: wa zai karɓa, kuma me zai yi da su? In ya ƙi faɗa, ka san amsar.

Bakanike:
Maigida, kafin komai, kada ka yarda da tayin farko. Akwai shafin Discogs, tun 2000 yake, masu tara faifai na duniya a nan suke ciniki. Kowane faifai yana da lamba a kwali da kan takardar tsakiya. Sa lambar, in an taɓa sayar da irinsa za ka ga nawa aka saya. Kasuwar nan ta farfaɗo sosai, a Amurka a 2022 yawan faifan garmaho da aka sayar ya wuce na CD, karo na farko tun 1987. Dillalin da ya taya hayar shekara biyu bai zo don ya faɗi ba. Wataƙila uku ko huɗu ne a cikin sittin ɗin suke ɗauke da kuɗin, sauran rakiya ce.

Sannan wane inji kake amfani da shi, kuma da wace wuta?

Mai Burushi:
Wani tsohon ɗan Japan ne mai bel, na gwanjo. In babu wuta ina tayar da ƙaramin janareta. Amma na lura a janareta murya tana rawa, wani lokaci ta yi kauri.

Bakanike:
Na san za a rina. A irin wannan inji, motar da ke juya faifan da bugun wuta take daidaita gudunta. Wutarmu bugu 50 ce a daƙiƙa, ƙaramin janareta kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana hawa yana sauka, faifan ma haka. Shi ya sa wanda aka yi wa Amurka, mai bugu 60, in ka kawo shi nan ko ka sa masa tiransifoma juyi 33 sai ya koma wajen 28, mawaƙi ya zama kamar mai mura. Ka sa shi a inbata mai kyau, ko ka nemi wanda motar ke juya farantin kai tsaye, irin Technics SL-1200. Bel ɗin ma in ya saki a canza.

Abin da ya fi damuna allura ce. Mai kyau nauyinta a kan faifai giram biyu ne ko ƙasa. Ƙananan akwatunan nan masu araha suna danna giram biyar ko fiye, suna cin layin a hankali. In bakin allura ya cinye, ita ma yanka take. Na 78 kuma allurarsu daban, ta fi kauri kusan ninki huɗu.

Wanki: ruwan batir wanda ba na asid ba, ɗigon sabulun ruwa, ƙyalle mai laushi, ka bi layi a zagaye, kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya. Kada sifirit ya kusanci na 78, narkar da su yake. A jera su a tsaye kamar littattafai, ba a kwance wani kan wani ba, nesa da bangon da rana ke duka. Da hunturu busasshiyar iska tana sa roba ta riƙa jan ƙura da kanta, sai an goge kafin kowane sawa.

Malamin Tarihi:
Na karanta duka, kuma ina ganin Baba da Alhaji kowa ya riƙe rabin gaskiya. Faifai abu ne mai lalacewa, ko a Kano ko a Landan. Abin da za a ceta shi ne sautin da bayanin da ke kan kwali. A Gini, kamfanin gwamnati na zamanin Sekou Toure, Syliphone, ya bar tarin waƙoƙi. Wani mai bincike, Graeme Counsel, ya bi su da tallafin Ɗakin Karatu na Birtaniya, aka mayar da dubbai zuwa kwamfuta, aka ɗora su a intanet don kowa ya saurara. Aikin mutum ɗaya ne mai naci. Malam, ko za ka sayar ko ba za ka sayar ba, ka ɗauki sautin kowanne, ka ɗauki hoton kwali gaba da baya da takardar tsakiya, ka rubuta lamba da inda ka samo shi. Ka ajiye kwafi a wuri biyu. Daga nan a tuntuɓi Gidan Arewa a Kaduna ko masu nazarin Hausa a Jami'ar Bayero, a ji ko za su karɓi kwafi.

Gargaɗi ɗaya: faifan naka ne, waƙar ba taka ba ce. Kafin a watsa a intanet a nemi iyalan masu ita. An daɗe ana cin guminsu, kada mu ma mu ƙara da sunan ƙauna.

Ɗan Kwari:
Malam, wannan na yarda da shi. In an kwafe, ai sai a sayar da robar.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo:
Kwafi yana mutuwa shi ma, Alhaji. Kwamfuta nawa ta mutu da kayan mutane a ciki? Faifan da aka buga ina saurayi yau in ka sa masa allura zai yi magana. A kwafa, na yarda. A riƙe uwar kuma.

Mai Burushi:
'Yan uwa, na dawo. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Daren jiya na zaunar da maiɗakina na gaya mata komai, har adadin kuɗin. Ta yi shiru, sannan ta tambaye ni cikin sittin ɗin nawa nake sawa in ina aiki. Na ce ba su fi ashirin ba. Ta ce to sauran ajiya kawai nake yi, wani ma zai iya ajiyewa. Na Baba kuwa ta ce ko na yarda ita ba ta yarda ba, don tana so abin da za ta haifa ya ga rubutun kakansa.

Na bi shawarar Bakanike, wani yaron shagon kusa ya taya ni duba lambobin. Gaskiyarka, guda biyar ne suka ɗauki yawancin kuɗin, kuma duk kiɗan Legas ne mai gita da ƙaho. Na Hausar ma yawancinsu ba mu same su a shafin ba sam. Na kira dillalin na yi masa tambayar Ɗan Damagaram. Ya ce mai sayen shago gare shi, sayarwa zai yi. Na ce zan ba shi 38, ban da na Hausa ko ɗaya, a kan kuɗin da ya taya wa sittin, kuma sai bayan mako biyu in na gama ɗaukar sauti da hotuna. Ya yi ta ja, ya kashe waya. Da safen nan ya kira ya ce ya amince.

Ba zan ɓoye muku ba, da na ware 38 ɗin gefe guda na ga gurbin da suka bari a kanta, sai da na fita waje na ɗan tsaya. Akwai ɗaya da na yi tafiyar Jos sau biyu kafin mai shi ya sallama mini.

Maman 'Yan Biyu:
Allah ya yi wa matar nan albarka, ya raba lafiya. A sanar da mu ranar suna.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo:
Alhamdu lillahi. Ɗana, waɗanda na ɗauko a kan keke suna nan a ƙarƙashin gado cikin akwatin ƙarfe, guda 31, bakwai na 78 ne. Injina ya mutu tun tuni, 'ya'yana kuma ba wanda ya damu da su. In za ku yi aikin kwafar, a haɗa da nawa. In an gama su zauna a kantarka, ka cike gurbin. Katunansu ma suna nan, da rubutun hannuna.

Ɗalibar Zane:
Yaya, ina da aron kyamara daga sashenmu har ƙarshen wata. Ni zan ɗauki hotunan kwalayen in an yarda.

Bakanike:
To Asabar bayan azahar zan shigo daga Kaduna da inbata da wayar haɗawa da kwamfuta da sabon bel. Maigida, turo mini lambar injin ta akwatin sirri don in san girman bel ɗin. Baba, kada a wanke na 78 ɗin nan da komai kafin in gani, kuma a sa tsumma tsakaninsu in za a ɗauko. Allurarsu ce ba ni da ita. Duk wanda ya san inda za a samu a Kano ko Kaduna ya yi magana kafin Juma'a.